Halfan da Hannuwan Zuwaina

Duk wanda ya taɓa zaman hantsi a bakin gaɓar Ashkara ya san Halfan ɗan Subait, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kuma Allah ya yi shi da baki. Yana ɗinkin koma yana magana, yana yankan albasa yana magana, har abokan aikinsa kan ce ko barci yake yi leɓensa ba ya hutawa. Tun yana saurayi ya shiga teku. Ya ja igiya, ya kwarfe ruwa, ya wanke kifi, da ƙugunsa ya fara ciwo sai Nahoda Sanjur, mai jirgin da yake wa aiki, ya damƙa masa murhu. Nan ya zauna har gemunsa ya yi fari, shinkafa da kifi da rana, shinkafa da kifi da yamma, gahawa da dabino a tsakani.

Wannan surutu nasa ne ya sa, can a samartakarsa, ranar da labari ya fita cewa Zuwaina zai aura, garin ya samu abin dariya. Zuwaina 'yar maƙwabtansu ce. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana rarrafe, ba ta ji, ba ta magana, ba a kuma sa ta makaranta ba, domin a wancan lokacin babu wanda ya san inda ake kai irinta. Ubaid mai kula da inji, abokinsa tun suna yara, shi ya fi kowa tsokana.

"Kai dai ka iya dabara," in ji Ubaid. "Ka dube garin nan kaf, ka zaƙulo mace ɗaya tilo da ba za ta gaji da kai ba."

"Ai kai ma taka ba jin ka take yi ba," in ji Halfan, "ga kunnuwa kuwa lafiya lau."

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, su biyun sun daɗe suna hira. Tun suna yara suke tsayawa a gindin katangar da ta raba gidajensu suna magana da hannu, kuma duk abin da ba shi da alama su suka ƙirƙira masa. Tafin hannu yana lanƙwasa, kifi ke nan. Taɓa gefen hanci, uwarta ke nan, saboda zoben da take sawa. In ta haɗa girarta da yatsu biyu, Nahoda Sanjur take nufi. Shi kuwa Halfan, sunan da ta ba shi shi ne yatsu suna buɗewa suna rufewa kamar bakin da bai iya shiru ba. Babu mai jin wannan yare a duniya sai su biyu.

Ɗansu na fari namiji ne, suka sa masa Subait. Bai kai ga yaye ba ya rasu, Halfan yana teku. Da ya dawo har an tashi daga zaman makoki. Yayan Halfan, wanda ya kai yaron asibiti, ya ja shi gefe ya gaya masa abin da likita ya ce, wai zuciyar yaron ce aka haife shi da ita da rauni, ba abin da wani zai iya yi. Halfan ya shiga ɗaki ya tarar da Zuwaina zaune ta jingina da bango. Ya durƙusa gabanta, ya yi alamar jariri, ya dafa ƙirjinsa, ya nuna sama. Ta dube shi ta gyaɗa kai. Ba su sake tayar da maganar ba.

Da aka haifi Shamsa, Zuwaina ba ta yarda ta ajiye ta. In za su kwanta sai ta ɗaura zare a hannun jaririyar ta ɗaura ɗaya bakin a nata, ko motsi yarinyar ta yi ta farka. Halfan ya ɗauka halin uwaye ne. Shamsa ta tashi da harshe biyu, na baki da na hannu, ta zama ta uku a yaren gidan.

Zuwan waya ya sauƙaƙa wa masunta rayuwa, amma ba Halfan ba. In jirgi ya matso kusa da wani ƙauye kowa ya kira matarsa su sha hira, shi sai dai ya kira Shamsa ta tsaya tsakani.

"Me ta ce?"

"Ta ce lafiya lau, Baba."

"Sai kuma me?"

"Ta ce ka taho da busasshen kifi."

Ya san ba iyakar abin da ta ce ke nan ba. Zuwaina in ta fara labari har da kafaɗa da gira take yi, ta kwaikwayi tafiyar mutum har ka gane shi. Amma yarinya ba za ta iya zuba duk wannan cikin waya ba, kuma akwai maganar da ba a aika 'ya da ita. Haka suka yi shekaru, sai ya dawo gida sannan yake jin abin da ya faru bayansa.

Da Shamsa ta yi aure za ta tare a Ibri, can cikin tudu nesa da teku, sai ta sayo wayoyi biyu masu kyamara, ta zauna da uwarta ta koya mata. Zuwaina ba ta karatu, don haka rubutu ba shi da amfani a wurinta, murya kuma balle. Shamsa ta sa hoton kowa a kan lambarsa, ta nuna mata inda za ta taɓa fuskar mutum ta fito. Shi kuma uban ta ce masa, "Baba, kai naka aikin shi ne neman sabis. Ba na kira ba, mai ƙarfi, wanda zai ɗauki bidiyo."

Nan wahalar take. Jirgin Sanjur ba ya kamun kifi a kusa. In iskar bazara ta lafa teku ta kwanta, sai su yi lodin ƙanƙara da mai su nausa kudu, su wuce Masira, su wuce Ras Madraka, wani lokaci har tsibiran Hallaniyat, su yi makonni. Gaɓar nan duwatsu ce da rairayi, sai ka wuni ba ka hango gida ba. Ƙarfen sabis sai inda akwai ƙauye, shi ma don mutanen tudu aka kafa shi, ragowar ce ke zubowa teku. Mai neman kira da baki, layi ɗaya ya ishe shi. Halfan kuwa sai ya hau rufin ɗakin tuƙi, ya miƙa hannu sama yana juyawa, da ƙyar fuskar Zuwaina ta bayyana. To hannu ɗaya yana sama riƙe da waya, da me zai yi magana? In ya sauke ta ya jingina ta da wani abu don ya saki hannuwansa, sabis ya ɗauke.

A wurin ma'aikatan wani jirgi da suka haɗu da shi a Lakbi suka ga dabara. Ana sa waya ɗaya cikin robar dabino mai murfi, a ja ta da igiya har ƙolin turken jirgi, wanda tun zuwan inji ba a rataya masa komai sai fitila. Can sama tana kama abin da ba a samu a ƙasa, sai ta raba wa sauran wayoyin. Ubaid ya ba da tsohuwar wayarsa, Halfan ya wanke roba ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma don kada rana ta kashe wayar. Daga nan duk wanda ke jirgin ya amfana, amma kowa ya san robar ta Halfan ce. Ya haddace wuraren da take kamawa, ya san gefen dutsen da in an wuce shi shi ke nan sai gaba. Yana jin sun doso irin wurin zai rage wutar murhu ya nufi igiya.

Duk da haka magana kai tsaye ba ta yiwu sosai ba. Hoton yakan tsaya, hannun Zuwaina ya daskare a sama, in ya dawo ta riga ta yi nisa, ya rasa kan zancen. Sai suka koma ɗaukar bidiyo gajeru suna aikawa. Ita ta ɗauka a gida ta tura, shi ya ɗauka a bayan murhu ya tura, saƙonnin su yi ta jira har robar ta kama. Wani lokaci shiru na kwanaki, sai kuma su zubo gaba ɗaya. Ya zauna kan buhun shinkafa yana kallo yana dariya shi kaɗai, ga akuyar maƙwabta ta ci mata tsintsiya, ga yadda matar yayansa ta yi tafiya da sabon takalmi. Halfan kan ce bai taɓa jin daɗin teku kamar a wannan shekarar ba.

A shekara ta biyu ne ya fara ganin abin da bai gane ba. Tana cikin labari sai ta yi wata alama da bai taɓa gani ba, ta wuce abinta. Ya maimaita bidiyon, bai gane ba. Na gaba alamun suka ƙaru. Hannunta ma ya canza, ya yi sauri, ya yi tsaf, kamar mai bin wata ƙa'ida. Da ya dawo gida ya tambaye ta, ta ɗauko waya ta nuna masa fuskar wata mata mai tabarau. Sunanta Mauza, a Sahar take, ita ma kurma ce, amma ta yi makarantar kurame tun tana yarinya. Shamsa ce ta haɗa su. Ta hanyar Mauza kuma Zuwaina ta san wasu matan, daga Maskat, daga Nizwa, daga Salala, kullum bayan la'asar suna haɗuwa a waya. Ashe akwai yaren hannu cikakke da dubban mutane ke yi, mai sunan ranaku da watanni, mai jiya da shekaranjiya, mai "da a ce" da "wataƙila". Tana da jika a hanya ta fara koyonsa, kuma tana sha kamar mai ƙishirwa.

Halfan ya nuna mata ya yi murna, kuma ya yi ɗin. Amma da suka koma teku sai ya ga abin yana cin sa. Wata rana yana tsince shinkafa Ubaid ya fito daga ramin inji yana goge hannu, ya zauna kusa da shi.

"Yau ba labari? Ko robar ce ta ƙi?"

"Ta kama. Rabin abin da take faɗa ne ban ji ba."

"To ai ka shigo layinmu. Ni tun da na yi aure rabi nake ji."

"Ba wasa nake ba, Ubaid. Da, in ta ga abu ni take jira ta gaya wa. Yanzu kafin ya iso gare ni mata goma sun ji."

Ubaid ya ɗauki dabino ɗaya ya jefa a baki. "Kai kana da ni, kana da Nahoda, kana da duk mai zama bakin gaɓa. Ita kai kaɗai gare ta, kai ɗin ma rabin shekara kana ruwa. Ka taɓa tunanin da wa take hira in ka tafi?"

Halfan ya ci gaba da tsintar shinkafarsa.

A wannan tafiyar ce, suna dawowa daga wajen tsibirai, robar ta kama da hantsi, saƙo ɗaya ya shigo, dogo. Ya zauna kan buhu ya buɗe. Zuwaina tana zaune a ɗakinsu, ba ta dariya. A hankali take yi, kuma da tsohon yarensu, sai inda ya gaza take cikawa da sabon, ta maimaita don ya gane. Ta ce matan sun yi hirar 'ya'ya, kowace ta faɗi nata, aka zo kanta. Ta ce ta gaya musu abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, Mauza kuma ta ce lallai ta gaya wa mijinta. Ta yi alamar jariri, ta ɗaga yatsa ɗaya, na fari. Ta ce ranar ta kwantar da shi ta fita tsakar gida tana wanki. Ta ce ya yi kuka, ta san ya yi kuka, duk jariri yana kuka in abu ya same shi. Ta nuna kunnenta. Da wata uwar ce, da ta ji ta ruga. Ta ce ta gode masa da bai taɓa ɗora mata laifi ba, ranar da ya dawo ma dafa ƙirji ya yi ya ce ta yi haƙuri, hukuncin Allah ne. Amma ita ta san abin da ya kashe yaron, kuma tana so ya san ta sani.

Bidiyon ya ƙare. Halfan ya zauna waya a hannu har ƙaurin shinkafa ya isa ɗakin tuƙi. Sanjur da kansa ya leƙo, ya ga tukunya tana hayaƙi mai dafa ta yana zaune. Ya sauke tukunyar, ya tsaya a kansa.

"Baban Shamsa, rasuwa aka yi?"

"An yi, Nahoda. Ta daɗe."

Ya gaya masa a taƙaice. Sanjur ba mutum ne mai yawan magana ba, kuma ba ya son a taɓa masa hanya, ga kifi cike da jirgi ƙanƙara tana narkewa. Ya dubi turke, ya dubi ruwa. Sun riga sun wuce inda ake samu, sabis ya ɗauke.

"Ina ne mafi kusa?"

"Sharbitat. Amma sai an karkata sosai."

"Ban tambaye ka karkata ba," in ji Sanjur, ya koma ɗakin tuƙi. Jim kaɗan Halfan ya ji jirgi ya juya.

Ya jingina waya da tulun gahawa zai ɗauki amsa. Ya yi alamar jariri, hannunsa ya tafi ƙirji, sai ya tsaya cak. Abin da ya yi wancan karon ke nan. Shi zuciya yake nufi, tsokar da ke cikin ƙirjin yaron, ita kuma ta ga haƙuri, domin a yarensu dafa ƙirji haƙuri ne, baƙin ciki ne, ƙauna ce, duk alama ɗaya. Ba su taɓa buƙatar sunan tsokar ba. Ya goge ya sake, ya goge ya sake. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya rasa yadda zai ce abu ɗaya.

Daga ƙarshe ya tashi ya je inda ake ajiye kifi, ya zaro babba guda, ya farke shi kamar yadda ya saba yi kullum, ya ciro zuciyar ya wanke ta. Ya dawo gaban waya ya ɗora ta a tafin hannunsa ya nuna, ya nuna ƙirjinsa, ya yi alamar jariri. Ya yi alamar ciki, ya yi alamar haihuwa. Ya ɗauki bakin wuƙa ya huda tsokar, ya nuna hujin kusa da kyamara. Ya yi alamar likita, ya yi ta yayansa. Sannan ya nuna kunne, ya kaɗa hannu, ya sake kaɗawa, ya sake. Bai so yadda abin ya fito ba, ga jini a yatsunsa, amma ba shi da wanda ya fi shi.

Bayan azahar suka hango fararen duwatsun Sharbitat. Ubaid ne ya ja robar, ya kuma ce kowa ya kashe tasa wayar kada a raba sabis ɗin. Sanjur ya rage inji, jirgi yana lilo a wuri ɗaya. Saƙon ya yi ta tafiya yana tsayawa, ya kai rabi ya koma farko, Ubaid yana zagin turke yana zagin roba a hankali. Can dai ya tafi. Ba a daɗe ba wayar ta yi ƙara, ita ce kai tsaye.

Hoton yana yankewa, amma ya ga abin da take tambaya. "Wa ya faɗa?" Ya ce likita. "Yaushe?" Ya ce tun ranar. "Wa ya sani?" Ya ce yayansa, da matar yayansa, da uwarta kafin ta rasu, da shi. Ta tsaya tana kallonsa, har ya ɗauka hoton ne ya daskare, sai ya ga tana ƙifta ido. Ta zagaya yatsa a iska, kowa da kowa, sannan ta nuna kanta, ta kaɗa hannu. Ta kashe wayar.

Har suka iso Ashkara babu saƙonta. Duk inda ake samu ya ja robar, saƙonnin wasu su shigo, nasa shiru. Ya kira Shamsa, ta ce uwar lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha, ita ma dai ba ta kula ta sosai. Shamsa ta yi kuka da ta ji dalili, domin ita ma ba ta taɓa sanin abin da uwarta ke ɗauke da shi ba. A kwanakin nan Halfan ya yi ta juya shekarun a ransa. Ya tuna zaren da take ɗaurawa a hannun Shamsa. Ya tuna yadda ba ta yarda a bar mata jaririn kowa ko na ɗan lokaci, mata suna cewa ba ta son yara. Shi da yake taƙama babu wanda ya san ta kamarsa, yana kwana yana tashi da ita, wannan duk ya wuce ta gabansa.

Da ya isa gida ta karɓi kayansa, ta kawo masa ruwa, ta zuba masa abinci. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta jingina waya da matashi, ta nuna masa ya zauna. Mauza ce ta fito, da 'yarta a gefe, mai ji ce kuma ta iya yaren sosai. Zuwaina ta ce ya faɗa da bakinsa, duk abin da likita ya ce, kada ya rage komai, yarinyar za ta mayar mata.

Ya faɗa. Yana yi yana tsayawa, 'yar Mauza tana juyawa da hannu, Zuwaina ba ta dube shi ba, hannun yarinyar take kallo. Ta yi tambayoyi da yawa. Ko yaron ya ji zafi. Ko da an kai shi da wuri zai rayu. Abin da ya sani ya faɗa, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Washegari ta sa ya kai ta gidan yayansa, tsoho ya maimaita abin da ya tuna, yana ta rantsuwa shi ya ɗauka an gaya mata. Bayan mako ta sa Shamsa ta zo ta raka ta wurin wata likitar yara, ta ji daga bakin mai ilimin abin. Sai a sannan ta yi kuka, a mota suna dawowa, in ji Shamsa.

Fushin bai tafi lokaci ɗaya ba. Ta yi watanni tana ba shi labarin akuya da tsintsiya kawai. Shi kuma ya roƙi 'yar Mauza ta riƙa turo masa darasi, alama kaɗan-kaɗan, yana saukewa duk inda robar ta kama, yana koyo a bayan murhu. Yatsunsa sun yi kauri da igiya da gishiri, ba sa lanƙwasuwa yadda ake so. Ubaid kan tsaya yana kallonsa.

"Wannan me ka ce?"

"Alhamis."

"Wallahi na ɗauka ƙuda kake kora."

Zuwaina ma dariya take masa. In ya aika saƙo da sabon yaren sai ta dawo masa da shi tana kwaikwayon yadda ya karkace, sannan ta yi daidai a hankali. Ta nan hirar tasu ta dawo, ba kamar da ba, domin yanzu takan yi masa gardama, takan ce ba haka ba ne, takan tambaye shi abin da ya sa ya yi kaza shekaru da suka wuce, kuma sai ya amsa.

Bazarar da ta wuce, lokacin da iska ta hana fita aka ja jirage kan rairayi, mutanen tudu suna ta zuwa Ashkara shan sanyi, Mauza ta zo da mata huɗu cikin ƙawayen. Ranar ce Zuwaina ta fara ganin su ido da ido. Halfan ya ce shi zai yi girki. Ya dafa shinkafa da kifi a babbar tukunyar jirgi da ya aro wurin Sanjur, ya sayo alewar halwa, ya kai musu har tsakar gida, sannan ya koma bakin ƙofar kicin ya zauna da tulun gahawa.

Tsakar gidan tsit, sai ƙarar awarwaro da dariya. Hannuwa suna ta tashi, biyu uku a lokaci guda, ba ya kama ko sulusin abin da ake faɗa. Can sai duk suka juya ga Zuwaina. Wani dogon labari take bayarwa, ya gane na ƙuruciyarta ne, akwai uwarta a ciki, akwai raƙumi, akwai wata rijiya, matan suna riƙe ciki don dariya. Bai taɓa jin sa ba.

Da baƙin suka tafi masaukinsu yana tattara kwanuka, ya taɓa kafaɗarta ya ce ta sake ba shi labarin raƙumin, amma a hankali. Ta yarfe hannuwanta ta nuna masa sun gaji, ta ce ya bari sai gobe in sun sha gahawa.